Mai Babur, Kunnenka Ma Jari Ne

Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a kan babur ya san abin da ke biyo bayan kashe inji. Ka sauka, ka kafe mashin, ka kakkaɓe ƙura, amma kunnenka bai huta ba. Wani siririn kuka yake ta yi daga ciki, muryoyin masu yi maka sannu da zuwa kuma suna iso ka a dusashe. Mukan ce gajiyar hanya ce, ko kuwa iska ce ta shiga kunne, in an kwana zai washe. Kuma yakan washe ɗin. Sai dai wannan kuka ba gajiya ba ne. Shaida ce cewa an ɗora wa kunne abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda kuwa ya ci gaba da ɗora masa, akwai ranar da zai kwana ya tashi ya tarar bai washe ba, ba kuma zai sake washewa ba.

Abin da nake so in tsaya wa a wannan shafi ɗan ƙaramin abu ne da bai kai kan ɗan yatsa ba: matoshin kunne, irin na soso ko na roba da ma'aikatan masana'antu ke sawa. A ganina ya kamata ya shiga cikin kayan aikin duk mai babur da ke bin doguwar hanya, ya zauna a aljihu ɗaya da makulli. Na san amsar da za a fara ba ni. Za a ce, "Haba Malam, mutanen da har yau ba su gama yarda da hular kwano ba, su za ka ce wa su toshe kunne a kan titi? In tirela ta taho ta baya, wa zai gaya musu?" Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Amma kafin a kai gare ta, a fara sanin girman ɓarnar tukuna.

A Turai da Amurka, masu wannan muhawara galibi mutane ne da ke hawa manyan babura ranar hutu don nishaɗi. Mu a nan babur abinci ne. Da shi ɗan acaɓa a Sakkwato da ɗan kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram ke ciyar da iyali, da shi yaranmu da suka tafi ci-rani kudu ke aiko da kuɗin taki. Gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, Legas ma ta kafa nata takunkumin a manyan sassan birni a 2020, ta ƙara jaddada shi a 2022. Dokokin nan ba su kashe sana'ar ba. Sun dai tura ta bayan gari da ƙauyuka, inda hanya ta fi tsawo, gudu ya fi yawa. A tsaya bakin hanyar Wudil ranar Juma'a, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ko ta Mai'aduwa ranar Lahadi, a ga yawan Boxer da Jincheng da ke sheƙowa da buhuna da awaki da mutum uku-uku. A haɗa da malamin firamare da aka tura ƙauye, da ma'aikaciyar lafiya da ake goyawa da akwatin allurar rigakafi. Waɗannan ba awa biyu suke yi a mako ba. Wasunsu daga asuba ne har magariba, shekara da shekaru.

Mafi yawanmu mun ɗauka ƙarar inji ce ke cutar da kunne. A cikin gari, inda ake tafiya ana tsayawa, haka ne: inji da hon da hayaniyar titi su ne kan gaba. Amma da zarar an fita fili, gudu ya haura kilomita 60 a awa, ƙarar inji takan koma baya, iska ta karɓe. Iskar da mutum ke ketawa ba ta wucewa salin-alin. Tana bugun kai da kafaɗa, ta karye, ta riƙa juyi a daidai bakin kunne. Mai hular kwano ma bai tsira ba, domin iskar takan kutsa ta ƙarƙashin hular, tsakanin haɓa da wuya, ta yi ta rugugi a ciki. Ko babur mai aiki da lantarki ne, wanda ba shi da ƙarar inji sam, in ya yi wannan gudun, kunnen mai shi zai sha abin da na mai Boxer ke sha.

An auna abin nan, ba hasashe ba ne. A shekarun 1990 wani likitan kunne ɗan Birtaniya, Andrew McCombe, da abokan aikinsa sun riƙa liƙa ƙaramin makirfo a bakin kunnen mahaya babur, a ƙarƙashin hula, suna ɗaukar ƙarar. Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hirar mutum biyu da ke zaune kusa da juna takan kai wajen 60. Abin da suka samu shi ne, a gudun kilomita 60 ƙarar takan kai desibel 90, tana hawa har ta kai 110 a gudun kilomita 160. Baburanmu ba sa kaiwa can, amma a gudun 80 an riga an shiga wajen 95, a gudun 100 kuwa an doshi desibel 100. Kada a ga lambobin sun yi kusa da juna a raina su. Ma'aunin ba irin na mudu ba ne: duk ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin da ke dukan kunne. Shi ya sa cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ce iyakar abin da kunne zai ɗauka a yini shi ne desibel 85 na awa 8. In ya kai 88, awa 4. In ya kai 91, awa 2. A 94, awa ɗaya tak. A 100, minti 15. Wato yaron da ya ɗauko fasinja daga ƙauye zuwa kasuwa a gudun 80, kafin ya yi sawu na biyu ya riga ya cinye kason kunnensa na ranar, alhali hantsi bai dubi ludayi ba. Da likitocin nan suka gwada jin 'yan tseren babur na duniya, kusan rabinsu jinsu ya ragu fiye da na tsararrakinsu.

Yadda ɓarnar ke faruwa kuwa shi ne haka. Can cikin kunne, bayan dodon kunne da wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku, akwai wani ɗan murɗaɗɗen bututu cike da ruwa. A cikinsa wasu ƙwayoyin halitta masu siraran gashi suke jere, kimanin 16,000 a kowane kunne. Su ke karɓar girgizar sauti su mayar da ita saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi takan kwantar da su kamar ciyawar da aka taka: in mutum ɗaya ne ya ratsa, kafin safiya ta miƙe, amma in aka mayar da wurin hanyar yau da gobe, sai ta mutu ƙasa ta bayyana. Tsuntsaye da kifaye sukan sake tsirar da nasu in sun lalace. Ɗan Adam ba ya yi. Da adadin da aka haife shi da su zai rayu, kuma duk wadda ta mutu ta tafi ke nan. Babu allura, babu ɗigon kunne, babu tiyatar da ke dawo da ita.

Abin da ya sa cutar ke shammatar mutane shi ne ba ta zuwa da zafi, ba jini, ba kumburi. Ba kuma duk sautuka take ɗaukewa lokaci guda ba. Sirara take fara ci, irin su "s" da "sh" da "ts" da "f", waɗanda su ke raba wata kalma da wata. Sai mutum ya riƙa jin ana magana, amma ba ya tantance abin da aka ce, musamman in akwai hayaniya ko in muryar mace ce ko ta yaro. A gida ake fara ganewa. Ya dawo bayan isha'i, ya kunna rediyo.

"Maigida, don Allah rage rediyon nan, yara sun yi barci."

"Ai a ƙasa yake."

"Tun ɗazu nake ce maka malamin Islamiyya ya aiko kan kuɗin wata, ka yi mini shiru."

"Yaushe kika faɗa? Ke dai kin fiya magana ciki-ciki."

Ita tana ganin kunnen uwar shegu yake yi mata don maganar kuɗi ce, shi yana ganin ita ce ba ta buɗe baki, alhali dukansu ba mai laifi. A bakin aiki fasinja ya ce ɗari biyu, shi ya ji ɗari biyar, a sauka da rigima. A masallaci in ya samu sahun baya karatun liman ya wuce shi. A majalisa ya yi dariya don ya ga ana yi. Sannu a hankali ya janye jiki daga mutane, a ce ya zama miskili. Wasu kuma kukan kunnen ne ke zaune musu dindindin, dare ya yi tsit su kaɗai ke jin ƙara, barci ya gagara.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2021 kan ji, ta ce mutum fiye da biliyan 1.5 ne ke fama da raguwar ji a duniya, miliyan 430 daga cikinsu suna buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na masu matsananciyar matsalar suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne, irin namu. Mu kuwa kunnenmu da ma yana da maƙiya. Sanƙarau yana barin yara da kurumta. Zazzaɓin Lassa yakan taɓa jin kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka warke. Allurai irin su gentamicin da ake dirka wa mutane barkatai a kemis suna iya lalata waɗannan ƙwayoyin dai. Ga injin niƙa, ga janareta a bakin taga, ga lasifikar biki. Daga cikin duk waɗannan, iskar hanya ce mafi sauƙin karewa, kuma kuɗin kariyar bai kai na litar mai ɗaya ba. Na'urar ƙara ji kuwa, in an kai ga buƙatarta, ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan masu kai balas, tana son batir da gyara, kuma ba ta mayar da ji yadda Allah ya halicce shi.

To, mu koma kan tirelar. Matoshi ba ya kulle kunne ruf. Rage ƙarfin sauti yake yi, kuma duka yake ragewa tare. Iska ta ragu, hon ya ragu, amma tazarar da ke tsakaninsu tana nan yadda take. In hon ɗin tirela ya fi iska ƙarfi kafin ka sa matoshi, zai fi ta ƙarfi bayan ka sa. Abin da ke hana mai babur jin hon a babbar hanya ita ce iskar kanta, wadda ta riga ta cika kunne, da kuma dusashewar da ke samun ji bayan an daɗe ana shan ƙara. Gwajin da McCombe da abokansa suka yi kan wannan tambayar ya nuna cewa a inda ƙara ta yi yawa, matoshi bai hana jin hon da jiniya ba. Masu sawa kuma sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: sukan sauka daga doguwar tafiya da sauran ƙarfi a jika, kai bai yi nauyi ba. Ƙara tana gajiyar da ƙwaƙwalwa, gajiyayyen direba kuwa shi ke faɗawa rami. Sannan a faɗi gaskiya: da yawa cikin masu tsoron abin da zai taho ta baya sun kwance madubin mashin sun ajiye a gida tun ranar da suka saye shi. Wanda ke son sanin abin da ke bayansa, ya fara mayar da madubi.

Duk da haka ba na cewa a sa matoshi a ko'ina, a kowane lokaci. A cikin cunkoson gari, inda gudu bai wuce 30 ko 40 ba, kana sauraron mai kira, kana ciniki da fasinja, yaro na iya fitowa daga lungu, matoshi mai ƙarfi ba shi da wuri. A nan ko dai a sa mara nauyi ko a bar shi a aljihu. Wanda kuma jinsa ya riga ya ragu sosai, matoshi mai ƙarfi na iya raba shi da ɗan abin da ya rage masa, don haka ya fara ganin likita. Akwai kuma maganar tsaro, wadda mutumin Turai ba ya tunaninta amma mutumin Zamfara da Katsina ba zai manta da ita ba. Akwai hanyoyin da mai babur ke tafiya kunne a buɗe don jin abin da ke cikin daji, akwai shingen binciken da in aka ce tsaya ba ka ji ba, abin ba zai yi kyau ba. Mai wuri shi ya san wurinsa. A irin waɗannan wurare da ma rage gudu ake yi, in gudu ya ragu kuwa iska ta ragu, buƙatar matoshi ta kau. Ƙa'idar dai ba ta da wuya: doguwar hanya mai gudu, a sa, cikin gari da wurin da ake dar-dar, a cire.

Wasu za su ce ai suna da abin da ke tsare musu kunne. Ɗaya ya nuna hular kwano, ɗaya ya nuna rawani ko hular sanyi, ɗaya ya zaro auduga. Hular kwano an yi ta ne don ƙoƙon kai, kuma ba abin da zai maye gurbinta a wannan aikin, amma rugugin iska mai kauri ne, yana ratsa ta. Wadda ta rufe haɓa, ta kama kai daidai, ta fi wadda ke lilo, amma ko mafi tsadarsu ba ta sauko da ƙarar zuwa inda babu cutarwa in ana gudu. Rawani da hular sanyi suna tsare ƙura da hunturu, ba sa tsare sauti. Auduga kuwa iska na bi ta cikinta, abin da take ragewa bai taka kara ya karya ba, kuma takan bar zare a kunne. Mafi muni shi ne iyafis. Matashin da ke jin waƙa ko wa'azi a kan mashin dole ne ya ƙure murya har ta rinjayi iska, wato ya ɗora ƙara a kan ƙarar da da ma ta wuce kima, sannan hankalinsa ya rabu biyu. Wannan shi ne ainihin wanda ba zai ji tirela ba.

Wajen zaɓe, abin da ya fi yawa a kasuwa iri huɗu ne. Akwai na soso, wanda wani masanin sinadarai Ba'amurke, Ross Gardner, ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. Shi ne mafi araha, kuma in an sa shi daidai shi ne mafi rage ƙara. Ana samunsa a shagunan da ke sayar da takalman aiki da safar hannu da tabarau na masu walda, da wasu manyan kantunan magani. Akwai na roba mai hawa biyu ko uku, wanda ake turawa kai tsaye ba sai an murza ba, ana wanke shi a sake sawa. Akwai mai ɗan matacin sauti a tsakiya, wanda kamfanoni irin su Alpine na ƙasar Holan ke yi musamman don masu babur. Yana rage ƙarar daidai gwargwado ya bar magana ta fito sarai, don haka ya fi dacewa da mai ɗaukar fasinja, sai dai ya fi tsada. Sai wanda ake zuba wa mutum daidai ramin kunnensa a asibiti, na masu hali. Mai hular kwano ya guji mai dogon mariƙi ko mai tauri, domin hular za ta riƙa danna shi, kafin rabin awa kunne ya ɗau zafi. Ramin kunne kuma ba ɗaya ba ne. In na farko ya yi maka girma ko yana zamewa, ba ka da laifi, nemi wani girman.

A jikin leda za a ga lamba tare da haruffan NRR, in kayan Amurka ne, ko SNR, in na Turai ne. Ita ce adadin desibel da matoshin ya rage a ɗakin gwaji. Mafi girman NRR da ake samu shi ne 33. Kada a ɗauke ta a zahiri. A hannun mutane, inda ake sawa a gaggauce, abin da ake samu yakan tsaya wajen rabin abin da aka rubuta. Ko rabin ma ba ƙaramin abu ba ne: desibel 15 daga 95 ya koma 80, an fita daga haɗari. Don haka ba sai an yi ta farautar babbar lamba ba. Matoshin da ya fi kowanne shi ne wanda ya zauna maka daidai har ka manta da shi, domin wanda ke damunka a aljihu zai ƙare.

Sa shi kuwa sai an koya, kuma a nan mafi yawan masu cewa "na gwada bai yi ba" suka faɗi. Na soso ba cusa shi ake yi ba. Ka kama shi tsakanin babban yatsa da manuni, da hannu mai tsabta, ka murza a hankali kana ƙara matsawa har ya zama siriri sumul, ba lanƙwasa ba tattara. In kunnen dama za ka sa wa, ka zagayo da hannun hagu ta bisa kai, ka kama saman kunnen ka ja shi sama da baya, domin ramin kunne a karkace yake, jan ne ke miƙar da shi. Ka zura sosan tun bai kumbura ba, ka dafe shi da yatsa kana ƙirga talatin. Za ka ji yana buɗewa, hayaniyar waje tana ja da baya, muryarka ta yi kauri a cikin kanka. Ka sa abokinka ya tsaya gabanka ya dube ka: in yana hango soso ya leƙo waje, bai shiga ba, cire ka sake. Ka kuma rufe kunnuwan da tafin hannu ka buɗe. In ƙarar waje ta canza sosai, akwai kafa. Wajen cirewa a murɗa a hankali, kada a fizge.

Tsabta ba abin wasa ba ce a ƙasar da ke da ƙura da gumi. Hannun da ya taɓa baƙin mai da sarƙa kada ya murza abin da zai shiga kunne. A samu ɗan gwangwani ko ƙaramar kwalba mai murfi a riƙa ajiye shi, ba a jefa shi aljihu cikin canji da ɓawon gyaɗa ba. Na soso in ya yi dauɗa ko ya daina kumbura an gama da shi, a yar. Na roba a wanke da sabulu, a bari ya bushe. Ba a aro, ba a ba da aro. Wanda kunnensa ke ciwo ko yake fitar da ruwa kada ya toshe shi, asibiti ya nufa. Haka wanda dauɗar kunne ta cushe masa, a je a wanke masa, ya rabu da tsinken ashana da gashin kaza, waɗanda ke ƙara tura dauɗar ciki, wani lokaci su huda dodon kunne.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar ko sisi. Rage gudu daga 80 zuwa 60 kaɗai ya ninka lokacin da kunne zai iya jurewa fiye da sau biyu, ga sauƙin mai, ga sauƙin birki. Sai maganar salansa. Wannan ɗabi'a ta samari ta fasa salansa don mashin ya riƙa tsawa, musamman ranar kai amarya, ba burgewa ba ce. Mai mashin shi ne mafi kusa da ƙarar, shi zai fara biya, sannan ya haɗa da jariri da mara lafiya da tsohon da ke cikin unguwa. Najeriya tana da dokar ƙayyade hayaniya tun 2009, a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA, amma bakanike da uban yaro da mai unguwa sun fi ta kusa da matsalar.

Ba na kira da a kafa dokar tilasta matoshi, kuma ina da dalili. Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Me aka gani? Aka ga masu acaɓa sun kifa ƙwarya da roba da tukunya a ka don kauce wa kamu, fasinjoji suna gudun hular don tsoron cutar fata, wasu ma don tsoron asiri. Doka ta riga fahimta isowa, sai aka samu kamu da tara, ba a samu kariya ba. Matoshi kuwa ya fi hula wuyar tilastawa, domin wanda ya maƙala shi a bakin kunne don ganin ido daidai yake da wanda bai sa ba. Abin da ake so daga hukuma shi ne kada ta zama cikas. A jihar Ohio ta Amurka, har zuwa 2020 doka ta hana mai babur toshe kunnuwansa biyu, sai da aka gyara ta bayan an gane cewa cutar da mutane take yi. Jami'inmu na kan titi ma ya kamata ya san bambancin matoshin kariya da iyafis, kada ya mayar da mai kiyaye lafiyarsa abin tatsa.

Aikin na ƙungiyoyi ne. Ƙungiyar masu acaɓa ta ACOMORAN da takwarorinta suna karɓar kuɗin tikiti kullum a kowace tasha. Sayen kwalin matoshi a sari a raba wa mambobi ba zai girgiza asusunsu ba, kuma shugaban tasha in ya tsaya gaban yaransa ya murza ya sa, ya fi takarda dubu tasiri. Dillalan da ke sayar da babur da hula su jefa guda biyu a cikin kwalin. Attajirai da 'yan siyasar da ke rabon babura su haɗa da shi. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da sassan kunne na asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, suna iya fita tashoshi ranar 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, su auna kunnen mahaya kyauta. Mutumin da aka nuna masa a takarda inda jinsa ya fara zaizayewa ba ya buƙatar dogon bayani. Malamai kuma da ke tunatar da mu cewa jiki amana ne, kunne ma yana cikin amanar.

Wanda har yanzu yake tantama, ga gwajin da ba sai ya je asibiti ba. Gobe da safe, kafin ka ta da mashin, zauna a ɗaki shiru ka kunna rediyon wayarka, ka rage murya har inda da ƙyar kake tantance maganar mai labarai. Kashe, kada ka taɓa ma'aunin muryar. Da yamma, da zarar ka sauka daga aiki, koma ɗakin nan ka sake kunnawa. In ka ji maganar kamar yadda ka ji ta da safe, madalla. In kuwa sai ka ƙara murya kafin ka gane abin da ake cewa, to abin da hanya ta karɓa daga kunnenka a yini ɗaya ke nan. Ka sayi matoshi, ka sa shi yadda ya kamata, ka maimaita gwajin washegari, sannan ka yanke wa kanka hukunci. Shekara ashirin ko talatin na tuƙi suna gaban yaron da ya fara acaɓa bana. Mashin zai canza sau da yawa kafin nan, amma da kunnuwan nan biyu zai ƙarasa.